Talatin da Biyar a Ɗakin Sanyin Lokuwa

Litinin, 9 ga Maris 2015, bakwai na safe

Na samu wannan littafin a ƙarƙashin bencin aikin mijina Ezekiya. Rabinsa lambobi ne da rubutunsa, rabi babu komai. Zan cika sauran. Kwana huɗu ke nan da na dawo Mubi ni kaɗai. Shi da 'yarmu Purity suna Yola wurin yayarsa, har sai likita ya sallame shi. Ɗakinmu yana nan, ƙofa ce kawai babu. Keken ɗinkina ma yana nan, na ga waɗanda suka mamaye gari sun ja shi har tsakar gida sun bar shi, ina jin nauyi ya yi musu. Na goge shi, na sa mai, yana ɗinki. Na gode wa Ubangiji.

Litinin, biyar na yamma

Malam Hayatu mai ɗakin sanyi ya zo har gida. Shekara shida Ezekiya ke riƙe masa inji, ni kuma rumfar ɗinkina a jikin bangon take. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Injiniya, na ce da sauƙi. Sai ya ce, "Maman Purity, mahauta sun dawo, masu kifi sun dawo, zafi ya shigo. Duk unguwar Lokuwa inji ɗaya ya rage da rai, kuma babu wanda ya san bakinsa. Na sha ganin Injiniya yana ƙarƙashin inji ke kina karanta masa geji."

Na ce karanta geji daban, riƙe inji daban. Ya ce ya sani. Ya ajiye makulli a kan keken ya tafi.

Talata, 10 ga Maris, sha biyu na rana

Sai da na hau tudun bayan makarantar firamare kafin waya ta shiga. Baban Purity ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce in fara duba mai a ɗan gilashin da ke jikin kwamfuresa, ya kai rabi. In juya fulin, wato faifan ƙarfen da bel ke ja, da hannu sau goma kafin in ba shi wuta, tunda wata huɗu yana kwance. Ya ce akwatin nan mai allo da ke bango, draib, shi ke ba moto gudu: hamsin cikakken gudu ne, in an rage lamba gudu ya ragu. Na tambaye shi littafin draib ɗin. Ya ce yana ofis. Ban gaya masa yadda ofis ya koma ba.

Laraba, 11 ga Maris, tara na safe

Ya tashi! Gabdo, yayan Malam Hayatu, shi ke kula da janareta, ya tayar, ni na danna koren maɓalli. Lamba ta hau a hankali har hamsin. Bututu ya fara raɓa. Gabdo ya cire hula ya yi godiya da yarensu ya ce, "Useko, Madam, ka iya." Shi kowa "ka" ne a bakinsa, har da matarsa.

Alhamis, 12 ga Maris, shida na yamma

Cinyar shanu huɗu na sa, kwali ashirin na kifi. Mama Adi maƙwabciyarmu ta kawo allurar ciwon sukarinta a gwangwanin madara, na sa a ɗan lungun da ke tsakanin ƙofofi biyu, inda akwai sanyi amma ba ya ƙanƙara. Ta ce tun da suka dawo daga gudun hijira a Duvu a cikin randa take ajiyewa. Na yi ɗinki biyu tsakanin duba geji. Ranar ta yi mini daɗi.

Asabar, 14 ga Maris, goma na safe

Babu dizal a gari. Tankar da ake jira ba ta zo ba, wai an tsayar da manyan motoci a hanya, kowa da abin da yake faɗa. Wutar gwamnati kuwa tun bara babu. Durom ɗaya ne da mu. Gabdo yana da sandar da yake tsomawa, ya yi mata zane da wuƙa. Ya nuna mini ya ce, "Da wannan gudu, kwana goma sha biyar. Ka rage shi zuwa ashirin, ya riƙa tafiya a hankali, mai ya kai mu wata."

Na ce sai na tambaya.

Lahadi, 15 ga Maris, biyu na rana

Sujada a ƙarƙashin rumfa, a inda cocin yake a da. Mun fi na makon jiya yawa. Bayan an tashi na hau tudu. Da na ce ashirin, Baban Purity ya daka mini tsawa kamar ni ce na faɗa. Ya ce famfon man kwamfuresa a jikin sandar inji yake, in inji ya yi sanyin gudu famfo ma ya yi sanyi, mai ba zai kai sama ba, ƙarfe ya ci ƙarfe. Fankar da ke sanyaya moto ita ma a gindinsa take, in ba ya gudu ba ya samun iska. Kuma man da ke bin bututu zai kwanta a can ciki ya ƙi dawowa. Ya ce, "Talatin. Wanda ya kafa injin ya ce talatin, a haka na riƙe shi. Kada ki sauka ko ɗaya."

Na ji Purity tana cewa, "Baba, kawo in riƙe maka wayar." Na yi kamar ban ji ba.

Litinin, 16 ga Maris, takwas na safe

Miji ya ce talatin, Gabdo ya ce ashirin. Malam Hayatu ya ce shi kifi ya sani. Na ce to a bar ni in tambayi injin da kansa. Zan sauko biyar biyar, kowace lamba awa ɗaya, kuma da tsakar rana lokacin da zafi ya fi, don abin da ya jure rana zai jure safiya.

Litinin, biyar da rabi na yamma

Hamsin: mai rabin gilashi. Allurar gejin mai ta tsere wa ta ɗaya gejin da tazara mai kyau, tazarar nan ce Baban Purity ya ce in sa wa ido. Moto da zafi amma tafin hannuna ya zauna a kai har na ƙirga goma.

Arba'in da biyar: duk ɗaya.

A hanyar sauka, wajen arba'in da biyu, bututun sama ya kama rawa har sifana ta faɗo daga kan benci. Na tsorata. Da na kai arba'in ya yi shiru. Na koma arba'in da biyu, ya sake. Ashe injin yana da lambar da ba ya so.

Arba'in: lafiya lau.

Talatin da biyar: tazara ta ɗan ragu, mai na nan, hannu ya kai takwas.

Na tsaya nan, cikina ya ce abinci.

Talata, 17 ga Maris, uku na rana

Talatin. Rabin awar farko lafiya, har na fara jin daɗi. Daga nan tazarar allurai ta riƙa matsewa, mai ya sauka ƙasa da rabi, ga 'yar kumfa. Hannu bai wuce huɗu a kan moto ba. Na maida shi hamsin, cikin minti goma mai ya dawo gilashi. Na sake gwadawa, haka dai.

Talatin ɗin mijina ba ta yi ba. Ban san yadda zan gaya masa ba.

Laraba, 18 ga Maris, sassafe

Ban hau tudu ba.

Alhamis, 19 ga Maris, huɗu na yamma

Na gyara rigunansa uku da na taho da su, ɓangaren dama inda ya rasa hannu, yadda ya ce. Ɗinkin ya yi kyau, ba za a ce an taɓa ba. Na ninke na sa a ƙasan akwati. Mama Adi ta kawo mini ɗanwake. Mun ci a rumfa muna jin inji. Ta ce ƙarar na sa ta ji kamar gari ya dawo.

Juma'a, 20 ga Maris, sha ɗaya na safe

Na gaya masa. Ya ce, "Wato shekara shida ban san aikina ba." Na ce ba haka ba ne, inji ya tsufa, ya kwanta wata huɗu, ga zafin bana. Na karanta masa duk abin da na rubuta, lamba lamba. Ya tambayi kumfa, ya tambayi tazara. Sannan ya ce, "Ki yi yadda kika gani, ke ce a wurin." Ba da daɗin murya ya faɗa ba, amma ya koya mini inda ake shiga a sa ƙaramar iyaka, da inda ake gaya wa draib ya tsallake lambar rawa. Sau uku yana maimaitawa ina rubutawa a bayan hannuna.

Juma'a, uku na rana

Na sa. Ƙasa talatin da biyar, sama hamsin, ya tsallake daga arba'in da ɗaya zuwa arba'in da uku. Duk awa biyu zan kai shi hamsin na minti goma don mai ya dawo gida. Gabdo yana tsaye a bayana yana kallon yatsuna.

Asabar, 21 ga Maris, yamma

An ji ƙara daga gabas da rana. Kasuwa ta watse, bayan awa ɗaya ta dawo. Ni ina kan geji. Lafiya lau.

Lahadi, 22 ga Maris, huɗu na yamma

Bari in rubuta yadda ya faru.

Na bar inji a talatin da biyar na tafi sujada. Na dawo wajen ɗaya, tun daga bakin layi na ji muryarsa ta canja, wani ƙwas ƙwas a ciki. Na shiga da gudu da kayan coci. Allo na nuna ashirin da biyu, an sauke iyakar da na sa. Gabdo na tsugune da yatsa a kan jan maɓallin na'urar tsaron mai, wadda ke kashe inji in mai ya gaza. Ta kashe sau uku, sau uku yana tayarwa. Gilashi babu mai ko kaɗan. Na kashe. Moto ba ya taɓuwa.

Na ce, "Baba Gabdo, in wannan ya kama, daga ina za a kawo wani? Ta wace hanya?"

Ya ɗaga sandarsa ya nuna mini zane. Ya ce, "Ka duba, Madam. In mai ya ƙare inji mai lafiya me zai yi? Kifin nan na mutum tara ne. Da shi suka dawo, ba su da komai bayan shi."

Na faɗi maganar da bai kamata in faɗa wa dattijo ba. Ya fita.

Litinin, 23 ga Maris, bakwai na safe

Na juya fulin da hannu, yana juyawa, babu inda ya cije. Na ƙara mai daga galan ɗin da Baban Purity ya ɓoye a rufi, wanda ba su gani ba. Na tayar a hamsin ina addu'a. Minti ashirin, mai ya fara dawowa har ya wuce rabi, na ɗan rage. Ƙwas ƙwas ɗin ya tafi. Kwali biyu na bakin ƙofa sun saki, masu su suka kai wa mata masu suya. Allurar Mama Adi lafiya.

Litinin, biyu na rana

Na je gidan Gabdo da goro. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan bakina, ban ba shi haƙuri a kan lamba ba. Ya ce shi ma bai yi barci ba. Na ce tsoronsa gaskiya ne, nawa ma gaskiya ne, mu bar sandarsa ta raba mu. Jiya daga takwas zuwa ɗaya janareta na ci, ɗaki kuma bai yi sanyi ba, ko ba haka ba? Ya ce haka ne. Na ce gobe mu yi talatin da biyar daga asuba zuwa sha ɗaya, mu kashe komai har janareta, mu kulle ƙofa, mu sake daga uku zuwa magariba. Shi zai auna.

Ya ce, "In sanda ta ce ka yi ƙarya fa?" Na ce to sai mu sake shawara, amma ba a kan injin ba.

Laraba, 25 ga Maris, shida na yamma

Sanda ta goyi bayana. Gabdo ya tsoma sau biyu don bai yarda da na farko ba. Da wannan tsari mai zai kai mu bayan Ista. Ya kafa doka da kansa: ƙofa sau biyu a rana, safe da yamma, duk mai son kayansa ya zo lokacin. Wani mahauci ya zo da azahar, Gabdo ya zauna a kan kujera a bakin ƙofa ya ce ko Malam Hayatu ne sai yamma. Na ɗinka labule mai kauri da tsofaffin buhuna na rataya daga ciki.

Alhamis, 26 ga Maris, rana

Na sa wa draib lambar sirri. Na gaya wa Gabdo na sa, don kada ya ji daga baya. Ya ce, "Ka kyauta, hannuna ba shi da haƙuri."

Asabar, 28 ga Maris, biyar na yamma

Ranar zaɓe, babu zirga-zirga. Mun tayar da asuba, mun kashe, kowa ya tafi layi. Na ga fuskokin da na ɗauka ba zan ƙara gani ba. Wasu na tambayi labarinsu aka girgiza kai, ban ƙara tambaya ba. Da na dawo ɗaki na riƙe da sanyinsa.

Lahadi, 29 ga Maris, yamma

Bai ɗauki waya ba. Yayarsa ta ce yana barci. Sau biyu ke nan.

Talata, 31 ga Maris, sha biyu na rana

Ya ɗauka. Ya ce ba ya jin zai dawo Mubi. Ya ce me zai zo ya yi, ya zauna ana kallonsa? Na ce ni ban taɓa ɗaure bel ba, ban san ƙara iskar sanyi ba, abin da na sani geji da lamba ɗaya. Ya ce zan koya. Na ce daga wa? Ya ce kuɗin waya na ƙarewa. Nawa ne ke ci, ba nasa ba.

Na sauko na yi ɗinkin Ista. Yara shida, yadi iri ɗaya. Inji na tafiya, mangwaro ya shigo kasuwa, na sha uku. Ban yi kuka ba.

Alhamis, 2 ga Afrilu, goma na safe

Tanka ta shigo. Malam Hayatu ya samu durom biyu. Ya ce to yanzu a maida shi hamsin dare da rana. Kafin in buɗe baki Gabdo ya ce, "A'a, tsarin Madam ya fi. Ka san gobe?" Malam Hayatu ya dube mu ya yi dariya ya ce an haɗe masa kai.

Babbar Juma'a, 3 ga Afrilu

Talatin da biyar, rabin gilashi, hannu takwas. Lafiya lau.

Litinin, 6 ga Afrilu, bakwai na yamma

Ina rumfa wajen la'asar sai keke mai ƙafa uku ya tsaya, Purity ta diro tana ihu. Babanta ya sauko a hankali. Ya rame. Bai gaya mini za su zo ba, wai Purity ce ta matsa. Bai nufi gida ba, ya wuce ɗakin inji. Gabdo ya miƙa masa hannu, sai ya rasa yadda zai yi, sai kawai ya rungume shi. Suka tsaya haka.

Ya ce in sauke shi talatin ya gani da idonsa. Na sa lambar sirri, na sauke. Ya ja kujera ya zauna gaban gilashi. Minti arba'in yana kallo. Da kumfa ta fito ya ce, "Maida." Na mayar. Ya ce, "Da ni ne da na bar shi a talatin, don haka aka gaya mini. Da injin bai ga damina ba." Malam Hayatu ya tambaya to yanzu makulli hannun wa. Baban Purity ya ce, "Inda yake." Ya tashi ya fita waje, na bar shi.

Na dafa shinkafa da kifi. Ya ci da cokali, ya ƙara. Ya ce kwana biyu za su yi. Na kwashe kwanuka.

Talata, 7 ga Afrilu, takwas na safe

Ya riga ni tashi. Mun tafi tare da asuba, ni na danna, shi yana tsaye ya karkata kai. Ya ce, "Bel ɗin nan na kuka." Na ce ban ji komai ba. Ya ce in matso in rufe ido. Gaskiyarsa, akwai wani siririn tsuwa a ƙarƙashin ƙarar, wata guda ina kusa da shi ban ji ba. Muka kashe. Ya danna moto da gwiwa da hannun hagu, ni na ja sifana, yana cewa ƙara, ƙara, ya isa. Da muka tayar tsuwa ta tafi.

Ya share gumi ya dubi bututun sama. Ya ce maƙalarsa ce ta saki shi ya sa yake rawa, aikin kwana uku ne in an samu ƙarfe, kuma fankar waje na son wanki kafin ruwa ya sauko. Ya aiki Gabdo neman ƙarfe. Ni kuma ya ce in je in tambaya ko makarantar su Purity ta buɗe.